Ranar da Maigida Ya Ƙwace Ludayi

Akwai wani irin magidanci a Amurka wanda in ka tambaye shi inda ake ajiye gishiri a gidansa, sai ya ƙwala wa matarsa kira. Shekara guda cur yana rakuɓewa ya wuce ƙofar kicin kamar mai bin sa bashi na zaune a ciki. Amma da sanyi ya kankama, musamman Lahadin nan ta watan Fabrairu da ake buga Super Bowl, wasan ƙarshe na ƙwallon Amurkawa, sai ya tashi tun da sassafe, ya ɗaura ƙyallen girki a ƙugu, ya sauko da wata tukunyar ƙarfe mai nauyin tsiya, ya tara iyali ya yi shela: yau shi zai dafa chili, kada wanda ya taɓa masa ko cokali.

Cikakken sunan abincin chili con carne, da Sifaniyanci, wato barkono da nama. Bahaushe in ya leƙa tukunyar zai ce dage-dage ce aka cika wa nama. Ana soya naman sa, niƙaƙƙe ko yankakke ƙanana, har ya yi ja. A zuba albasa da tafarnuwa. A jiƙa busassun barkonon Meksiko irin su ancho da guajillo a ruwan zafi, a markaɗa, a haɗa da kumin da ganyen oregano. A juye gwangwanin giya ɗaya, a rage wuta, a bar shi ya yi ta ɓararraka awa biyu ko uku, daga ƙarshe a kaɗa ɗan garin masara don ya yi kauri. Iyakar aikin ke nan. Amma in ka ga fuskar maigida a bakin murhu, sai ka rantse tiyatar zuciya yake yi.

Kuma kowanne da sirrinsa. Wannan yana ɗiga baƙin kofi, wancan yana jefa ɓallin cakulan, wani sai ya juya wa baƙi baya kafin ya barbaɗa abin da ke cikin wata 'yar kwalba marar suna. In aka matsa masa, ya ce gado ne daga kakansa, wanda ya yi kiwon shanu a kan doki a dajin Texas. Uwargida ta san kakan. Akawu ne a kamfanin inshora. Ta kuma san cewa sirrin yana rubuce a bayan ledar yajin da ita ta sayo a kanti, amma tana son zaman lafiya.

Sai batun giya, wadda ita ce rabin dalilin girkin. Masu dafawa suna da hujjarsu: tana ɓamɓaro ƙanzon naman da ya kama gindin tukunya, tana kawo ɗan zaƙin hatsi da ɗan ɗaci. Gaskiya ne. Abin da ba sa faɗa shi ne lissafin. Girkin gwangwani ɗaya yake buƙata, kanti kuwa shida-shida yake ɗaure su. Ɗaya ya shiga tukunya. Sauran biyar ɗin, kafin nama ya yi laushi, sun bi wata hanya daban, kuma daga wajen na uku ne maigida yake fara ba tukunyar labarin ƙuruciyarsa.

In Musulmi na cikin baƙi ya nuna shakka, nan take za a kwantar masa da hankali cewa ai wuta ta ƙone barasar duka. Alƙaluman da Ma'aikatar Noma ta Amurka ta wallafa ba su goyi bayan wannan fatawa ba. Bayan minti 15 ana dahuwa, kusan kashi 40 cikin ɗari na barasar yana nan. Bayan awa ɗaya saura kashi 25, bayan awa biyu da rabi akwai sauran kashi 5. Shi ya sa gidajen da ba a shan giya suke zuba romon nama a madadinta, kuma chilin nasu yana cinyuwa tas har a suɗe kwano. Maigidanmu ba ya son jin wannan, don in romo ya wadatar, me zai kai shi layin giya a kanti?

Abin dariyar shi ne, wannan girki da maza suka mayar tutar mazantaka, mata ne suka raine shi. Tun a shekarun 1880, da magariba ta yi a birnin San Antonio, mata 'yan asalin Meksiko kan fito dandalin Military Plaza da tebura da fitilu da tukwane, suna sayar wa sojoji da makiyaya da 'yan ci-rani. Sarauniyoyin Chili ake ce musu. Abincin talaka ne: nama mai tauri mai araha, a dafa shi da barkono har ya sallama. A shekarun 1890 wani Bajamushe mazaunin New Braunfels, William Gebhardt, ya niƙa barkonon ya zuba a kwalba ya fara sayarwa, ta yadda ko wanda bai san kamannin ancho ba zai iya girkin. A 1937 hukumar lafiya ta San Antonio ta ɗora wa matan ƙa'idojin tsafta irin na manyan gidajen abinci, daga nan kasuwarsu ta kama hanyar mutuwa. Shekara talatin bayan haka maza suka fara raba wa junansu kofuna a kan abincin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yadda aka fara gasar dafa chilin ma abin a zauna a ji ne. A 1967 wani marubucin raha mazaunin jihar New York, H. Allen Smith, ya buga maƙala a mujallar Holiday yana cika baki cewa duk duniya babu wanda ya fi shi sanin chili. Mutanen Texas suka ji kamar an zagi iyayensu. Aka shirya karo tsakaninsa da wani ɗan jaridar Texas, Wick Fowler, a Terlingua, wani kufan garin masu haƙar ma'adinai kusa da iyakar Meksiko. Alƙalai uku aka naɗa. Ta farko ta zaɓi Smith, na biyu ya zaɓi Fowler, na uku ya ɗanɗana ya ce harshensa ya mutu, ba zai iya yanke hukunci ba. Aka tashi canjaras.

Wasa-wasa abin ya zama na shekara-shekara. Da ya girma sai masu shiryawa suka ɓata, a 1983 suka rabu gida biyu. Har yau a farkon Nuwamba gasa biyu ake yi a Terlingua, a mako guda, a garin da a sauran kwanakin shekara kusan ana iya ƙirga mazaunansa a zama ɗaya. Kowane ɓangare kuma yana ganin ɗayan ne 'yan bidi'a. Majalisar dokokin Texas ita ma ba a bar ta a baya ba: a 1977 ta zauna ta ayyana chili a matsayin abincin jiha a hukumance.

Duk wannan bai kai rigimar wake ba. A wurin ɗan Texas na gargajiya, zuba wake a chili ridda ce. Dokokin manyan ƙungiyoyin gasar sun hana wake da taliya a jan chili na asali, kuma mutum zai iya tuƙa mota kwana biyu ya zo a kore shi saboda ƙwayar wake. A yawancin sauran jihohi kuwa, uwa mai 'ya'ya huɗu ta san abin da kakanninta suka sani, cewa wake ne ke sa rabin kilo na nama ya zagaya gida. Surukai biyu, ɗaya daga Dallas ɗaya daga Ohio, za su iya jure saɓanin siyasa a kan tebur guda, amma da ɗan Dallas ya hango jan wake a ludayi, sai ya ture kwano ya ce ba ya jin yunwa.

Ɗan Ohio ɗin ma yana da wani laifin da ya fi wake. A birnin Cincinnati, tun 1922 da wasu 'yan'uwa biyu 'yan ci-rani daga Masedoniya, Tom da John Kiradjieff, suka buɗe shagonsu, ana sa wa chili kirfa, a malala shi a kan taliya, a tula masa cuku har ya ɓace. Mutanen Cincinnati suna bin layi don su ci. Mutanen Texas in sun ga hotonsa sai su yi shiru irin na gidan makoki.

Sannan ga gasar jarumta. Wick Fowler ya sayar da haɗin yajinsa da sunan 2-Alarm, aron ƙararrawar 'yan kwana-kwana, kuma tun daga nan magidanta suke ƙara lamba: na wannan ƙararrawa uku, na wancan biyar. A ma'aunin zafin barkono da Wilbur Scoville ya ƙirƙiro a 1912, jalapeño, wanda maigida ke yankawa sanye da safar hannu, yana tsakanin 2,500 da 8,000. Habanero, ɗan'uwan attaruhu na jini, yana farawa ne daga 100,000. Wato abin da ake tara maƙwabta a yi masa kirari a Dallas, mai ƙosai ta bakin titi tana jefa ninkinsa a turmi tana hira. Duk da haka za ka ga ƙato ya yi jajir, gumi na bin wuyansa, hawaye na zuba, yana ɗaga wa jama'a hannu yana cewa shi bai ji komai ba, a ƙaro.

Da dare ya yi, wasa ya ƙare, baƙi sun watse bayan kowa ya rantse bai taɓa cin irinsa ba. Maigida ya miƙe a kujera, ƙyallen girki har yanzu a ƙugunsa, yana minshari. A kicin akwai tukunya ɗaya, kwanon suya biyu, injin markaɗe, wuƙaƙe huɗu da duk wani cokali da gidan ya mallaka, ga jan ɗigo har a silin. Mutum takwas aka gayyata, na mutum talatin aka dafa. Uwargida ta jera robobi tana cikawa tana turawa firiza, tana rubuta kwanan wata a murfin kowacce. Da ta buɗe aljihun ƙasa don neman wuri, sai ta tarar da robobi uku na bara, daskararru kamar bulo, babu wanda ya taɓa su.