Wasiƙa Zuwa ga Maƙwabcina Mara Taga

Zuwa ga Mai Girma, Sarkin Zuƙar Lantarki, katafaren rumbun adana bayanai da ke bayan unguwarmu a Columbus, jihar Ohio.

Ranka ya daɗe, ina fatan fankokinka sun kwana lafiya. Na ma san sun kwana, don gurnaninsu nake ji har asuba.

Yau da safe ina kurɓar shayi na buɗe bil ɗin wuta, sai da na ƙware. Na rufe yara da faɗa kan barin fitila a kunne. Uwargida ta karɓi takardar, ta ɗora yatsa ta ce, "Malam, abin da muka sha bai ƙaru ba, farashin ne ya hau." Sai da na saya wa yara alawa suka huce. Ita ma alawar tana wuyanka.

Yallaɓai, na taɓa zaman gidan haya mai mita ɗaya a Kano. Akwai wani a cikinmu mai firiza biyu da hita da dutsen guga, amma ƙarshen wata sai ya ce a raba daidai, ai zaman tare ne. Na haye teku na zaci mun rabu, ashe gaba ya yi ya jira ni, ya zama kai.

Ga yadda ake rabon. PJM, mai tafiyar da layin wutar jihohi 13, tana biyan tashoshin wuta don su zauna cikin shiri, a gwanjo ake yanke farashin. Da aka lissafa cikinka da na 'yan'uwanka, a gwanjon 2024 farashin megawat ɗaya a rana ya tashi daga kusan dala 29 zuwa kusan 270. Sannan a ja maka sababbin wayoyi, a girke maka taransifoma, a watsa kuɗin a kan kowa, har tsohuwar da ke gefenmu mai rediyo ɗaya da firji ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Kai, malam, wai kunya ba ta cikin abin da kake adanawa ne? Ba ka zuwa suna, ba ka zuwa jana'iza, ko taga ba ka da ita balle a ce ka leƙo. Masu kai sun fi wasu ƙasashe kuɗi, amma ni mai tuƙin mota har sha biyun dare ni zan tallafa musu? Maganar ruwan da kake sha da gonar masarar da ka haɗiye, sai wani jiƙon.

An ce a Yulin 2025 hukumar jiha mai sa ido kan wuta ta yanke cewa ƙannenka masu zuwa, duk wanda ya haura megawat 25, zai biya aƙalla kashi 85 cikin ɗari na wutar da ya kama wa kansa, ya sha ko bai sha ba, har shekara 12. Madalla. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Saura kai. Ban ce ka tashi ba, hotunan bikina ma ƙila suna cikinka. Mitarka daban, bil ɗinka daban, shi ke nan.

In za ka amsa, don Allah ka aiko mutum. Kada ka sa kwamfutocinka su rubuto, don na san wanda zai biya kuɗin wutar.

Naka, ba don yana so ba,
Mai biya maka bil.