Wai Bori Ne Ya Shiga Coci?

To, masu taɓe baki, ku matso kusa, yau da ku nake. Na san halinku sarai. Da zarar Bamasihiyen ƙauye ya ce Ruhu Mai Tsarki ne ke bi da shi, sai ku dubi juna ta wutsiyar ido, wani ya yi tarin ƙarya, wani ya gyara zaman hula. Alhajin Dawanau ya ce, "Kayya, jikokin Maguzawa ai ba su rabu da iskokinsu ba, benci kawai suka sama musu." Ɗan boko ya ce magani da makarantar mishan ne suka yi aikin, Ruhu ya karɓe yabon. Ɗan'uwana na cocin Sabon Gari kuwa, mai lasifika har shida, cewa yake, "Waɗannan na ƙauye ina suka ga Ruhu? Sujadarsu sai ka ce zaman makoki." Ɗaya ya ce iskar ta yi mana yawa, ɗaya ya ce ba mu da ita sam. Da kun fara sasantawa a tsakaninku, da kun rage mini aiki.

Alhaji ne babba, shi ke sayen wakenmu kuma, don haka da shi zan fara. Ranka ya daɗe, ka taɓa tsayawa ka kalli bori, ko a bakin mutane ka ji? Na san a'uzubillahi za ka ce. Amma shekarar da ciwon uwargida ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, an ga wani mai babbar riga yana jan baƙin bunsuru bayan magariba. Ban ce kai ba ne.

Bori ba ɓoyayyen abu ba ne a ƙasar Kano. Har wani Ba'amurke, Joseph Greenberg, ya zauna cikin Maguzawanmu a 1938 zuwa 1939, ya fitar da littafi a kansu a 1946. Kowane iska da kiɗansa na garaya ko goge, da kirarinsa, da launin dabbar da yake so a yanka masa. Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai almubazzaranci, Sarkin Rafi mai hauka da buge-buge, Inna kuwa in ta yi fushi sai ta shanye wa mutum hannu ko ƙafa. In iska ya hau, wanda aka hau ya zama doki ko goɗiya, ba shi ne a wurin ba. Muryar ba tasa ba ce, tsallen ba nasa ba ne. In an gama ya yi atishawa, iskan ya sauka, ka tambaye shi abin da ya faɗa, sai ya ce bai sani ba.

Yanzu ka je majami'ar ECWA ta ƙauye ranar Lahadi, ka tsaya ta taga, ba wanda zai kore ka. Abin da mai bishara yake koya wa mutane game da Ruhu kishiyar wancan ne. A wasiƙar Bulus zuwa ga Galatiyawa, sura ta 5, an jera halaye tara da Ruhu ke haifarwa a cikin mutum, na ƙarshensu kamun kai. Mutanen Korinti da suka cika hayaniya a sujada ma, Bulus ya ja musu kunne su riƙa magana ɗaya bayan ɗaya. Wato wanda Ruhun nan ya cika ba shi da damar cewa "ba ni ba ne". Yana cikin hankalinsa, gobe za a tambaye shi abin da ya faɗa jiya, dattawa su buɗe Littafi su auna. Ɗan bori yana da mafaka. Mu an rushe mana ita.

Inda ka yi gaskiya, Alhaji, shi ne kakanninmu ba su buƙaci a tabbatar musu akwai abin da ido ba ya gani ba. Sun riga sun sani, akuyoyinsu sun ƙare a kai. Shi ya sa in kana son ka ga abin da muke kira ƙarfafawar Ruhu, tambayi tsohon da ya fara shuka gero ba tare da ya yi yanka a gona ba. Gidan Maguzawa ba ƙaramin gida ba ne, sassa ne birjik, kowa na kallonsa. Ruwa ya ɗauke kwana goma, a ce shi ne. Ɗansa ya kwana da zazzaɓi, gwaggo ta zo bakin ƙofa ta tsaya, ba ta ce komai ba sai "Ka gani ko?" Matarsa na kuka, yayyensa sun riga sun kama jan zakara, shi kuwa yana durƙushe yana addu'a da ɗan abin da ya haddace. Wasu yaran sun tashi, wasu ba su tashi ba, kuma akwai iyayen da suka binne ɗa suka dawo sujada ranar Lahadi. Ka ba abin nan sunan da kake so. Mutumin da ya yi shi ya ce ba ƙarfinsa ba ne, ni kuma ban ga dalilin ƙaryata shi ba.

Malam, na ga ka ɗaga yatsa. A wurinku Ruhul Ƙudusi Mala'ika Jibrilu ne, a wurinmu Allah ne da kansa yake zaune cikin mai bi. Wannan bambanci ne na gaske, ba za mu share shi da dariya ba, ba kuma za mu gama shi a kan tabarmar nan ba. Sha furarka.

Ɗan boko, zo nan da jakarka. Ka ce Bature ne ya ɗora mana da ƙarfin mulki. A 1900 Bishop Tugwell da Likita Miller suka iso Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Da Turawa suka ci ƙasar, gwamnatinsu ce da kanta ta yi shekaru tana taka wa 'yan mishan birki a masarautu. Sai a shekarun 1930 ƙungiyar mishan ta SIM ta sami shiga, da aikin kutare a Yadakunya, sannan asibitin ido na Kano a 1943. Na yarda, allura da allo sun jawo mutane. To, Turawan sun tafi, gwamnati ta karɓe makarantu da asibitoci da yawa a shekarun 1970. Me ya riƙe mutanen? Wace riba Bahaushe yake ci da zama Kirista a ƙauyen arewacin Kano, inda filin gina majami'a kansa sai an sha zarya? ECWA ta tsaya da ƙafarta tun 1954, kuma masu bisharar da suka ratsa ƙauyukan nan 'yan ƙasa ne, irin waɗanda makarantar Tofa ta yaye, da keke da fartanya, suna noma abin da za su ci. Kafin su ma akwai Malam Ibrahim, malamin Kano da ya duƙufa kan sha'anin Annabi Isa har aka kashe shi a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, mabiyansa Isawa suka watse zuwa Ningi da ƙasar Zazzau. A 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka nemi Miller a Zariya da ƙafarsu. Kai ka ce tarihi ne ya yi haɗuwa. Mu muka ce an riga Bature zuwa.

Saura kai, ɗan'uwa na Sabon Gari. Ba na raina addu'arku da harsuna, Littafin Ayyukan Manzanni ya san da su. Amma a birni kana iya faɗuwa ƙasa ranar Lahadi, Litinin ka cuci wanda bai san cocinku ba. Nan tsakanin Bichi da Ɗambatta gona na manne da gona, ba dajin da za ka ɓuya. Iyaka layin gamba ce ko 'yan itatuwan lalle, kuma kowa ya san mai cin kunya guda duk damina. Bahaushe ya ce hali zanen dutse. To, mutumin da aka kai gaban dagaci kan cin iyaka har aka gaji, in ya wayi gari ya mayar da gamba inda ubansa ya bar ta, ya je ya gaida maƙwabcinsa Musulmi ya roƙe shi ya yafe masa, ƙauyen gaba ɗaya ya ga an kankare dutse. Wanda dawarsa ke ƙarewa a tukunyar burkutu kafin bazara, yanzu rumbunsa na kai shi sabon gero, matarsa ce za ta ba ka shaida, a taron Zumuntar Mata, da kiɗan tulu. Kuma ka daina cewa zaman makoki: ranar da matan nan suka ɗaga murya, janaretonku hutu zai nema.

Kada masu taɓe baki su ce na kare nawa, mu ma muna da gwanaye. Akwai faston da Ruhu ke kiransa kullum zuwa inda akwai kwalta da lantarki, bai taɓa kiransa inda babur ke maƙalewa a yashi ba. Akwai saurayin da aka nuna masa matar aure cikin mafarki, kuma ikon Allah, kullum wadda ta fi kyau a ƙungiyar mawaƙa ake nunawa. Irin wannan in ya zo gaban dattawa yana rawar murya, ba sa musu da shi. Tsoho kan ɗaga kai daga igiyar da yake tufkawa ya ce, "Madalla, ɗana. Ruhun ai ya san hanyar gidansu. Je ka jira ya gaya mata ita ma, sa'an nan ka turo kawunka da goro."