Alhajin Sababbin Kuɗi

A Fabrairun 2023, bayan da Babban Banki ya sauya fasalin ɗari biyu da ɗari biyar da dubu, mutane na kwana a layin cirar kuɗi, wani bawan Allah ya tare a layinmu. Ba ya zama majalisa, gaisuwarsa ba ta wuce ɗaga hannu, kuma kullum bayan isha'i ɗan adaidaita sahu na sauke masa ƙulle-ƙullen buhuna. A teburin mai shayi aka yanke hukunci: yaron wani ɗan siyasa ne, kuɗin zaɓe ake ɓoyewa a ɗakinsa. Wani har ya rantse ya ji ƙamshin sabuwar naira.

Ni kuwa ka san ni da karantar mutane. Tun ina firamare na gano makircin Wazirin nan na Magana Jari Ce kafin malaminmu ya kai tsakiyar labari. Sai na ƙara musu da nawa: silifas ɗinsa da ya cinye a diddige ɓad da kama ne. Aka ce kai, Malam akwai basira! Na kumbura.

Daga ranar na shiga zawarcinsa. Na raɗa masa Alhaji, ina durƙusawa ina "ranka ya daɗe", shi kuma yana waige ya ga da wa nake. Na ci bashin tsire na aika masa. Na sa uwargida ta kai wa iyalinsa dambun da ni kaina rabona da shi tun Sallah. Wata rana da dare buhuna suka iso, na yi wuf na saɓa mafi girma a kafaɗa, ina lissafin ko miliyan nawa ke danne mini wuya. Daidai gaban mai shayi igiya ta tsinke. Sai ga rigunan sanyi, da safa, da wandunan yara, wani kamfai ja ya sauka a kan hulata. Gwanjo ne daga Ƙofar Wambai, da dare yake warewa ya goge.

Ya taya ni tsincewa, ya yi godiya ƙwarai, sannan ya sassauta murya ya ce, "Maƙwabci, ko kana da ɗari biyu in sallami mai adaidaita? Ko tsohuwa ce." Na ba shi.

Mai tsire na bi na har yau, yaran layi kuma Ɗan Dakon Alhaji suke ce mini.