Motar da Ba Ta Ɗaukar Suruka

Peugeot 206 mota ce mai haƙuri. Tun 1998 Faransawa suka fara ƙera ta, tawa kuwa sai da ta gama cin ƙuruciyarta a Turai kafin ta biyo ta Kwatano ta iso Kano. Ba ta shan mai, shi ya sa na ƙara riƙe ta hannu bibbiyu tun da aka janye tallafin fetur a 2023. Ta kai ni aiki, ta kai yara makaranta, ta ɗauko cefane daga 'Yankaba, duk ba gardama. Aibinta ɗaya: ba ta ɗaukar surukata.

Hajiya, mahaifiyar maiɗakina, Allah ya yi mata jiki, tubarkalla. Ba ta zama gaba, wai ba ta iya kallon yadda 'yan Adaidaita Sahu ke faɗowa gaban mutum. Kujerar baya ce tata.

Ranar da abin ya fara, biki za mu. Muna hawa wani tudun rage gudu kusa da Ƙofar Nasarawa, mota ta yi tari ta mutu. Na murɗa makulli, inji na juyawa amma ya ƙi kamawa. Kafin in buɗe bonet jama'a sun taru. Mai rake ya ce batir ne. Wani ɗan Adaidaita ya rantse kafireta ce, alhali motar ba ta da kafireta, nozul gare ta. Aka ce a tura, Hajiya ta sauko don a rage wa matasa nauyi. Ƙafarta na taɓa ƙasa na sake murɗawa, mota ta tashi garau. Hajiya ta yi bisimilla ta koma. Ramin farko da muka faɗa, mota ta sake ɗaukewa.

Daga nan na zama ɗan gida a gareji. Bakanike ya canza filogi. Ya canza kwayil. Ya wanke nozul. Ya tura ni Ƙofar Ruwa neman kayan da ko sunansu ban iya faɗa ba sai na nuna hoto a waya. Mai rewaya ya zo ya dafa ƙugu ya ce kwamfutar motar ce, a nemo wata. Abin haushi, a gabansu ba ta taɓa mutuwa ba. Sai su zaga da ita unguwa, su dawo su miƙo mini makulli: "Alhaji, ai wannan sai Legas." Ranar Juma'a in je ɗaukar Hajiya, ko bakin titi ba za mu kai ba.

Wata rana Hajiya tana tsaye a gefen hanya cikin rana, tana fifita da mayafi, ta ce da 'yarta, ba ni ba: "Idan ba a son ɗaukata, ai da an faɗa. Ina da kuɗin mota." Maiɗakina ta yi mini kallon da ya sa na san tuwon daren nan ba zai yi daɗi ba. Washegari Hajiya ta sassauta, ta yanke hukunci cewa baki ne ya kama motar, ta aiko da turaren wuta a kasko a zagaya ta da shi.

Wani abokin aiki ya haɗa ni da wani tsohon bakanike. Shi bai taɓa sifana ba, tambaya ya fara.

"Yaushe take yi? Da sanyi ko in ta yi zafi? Wa ke ciki? Ina yake zama?"

Na sunkuyar da kai na ba shi amsa. Ya ce inji abu uku yake nema: mai, wuta da iska. Ya sa na murɗa makulli rabi, ba tare da na tayar ba, mu yi shiru. Muka ji wani ɗan zuuu daga baya na daƙiƙa biyu ko uku. Ya ce famfon mai ke nan, cikin tanki yake, kuma a wannan motar ƙofarsa na ƙarƙashin kujerar baya.

"Gobe ka kawo Hajiyar mu gwada."

Na ce, "Baba, ka rufa mini asiri."

Sai ya kira yaransa. Aka tayar da mota, yaro ɗaya ya zauna baya, tana aiki. Na biyu ya hau cinyarsa, tana aiki. Na uku na faɗawa kansu, ɗif.

Aka ɗaga kujera. Murfin robar da ke rufe famfon babu shi, wani ya taɓa aiki a wurin bai mayar ba. Soket ɗin ya karye, an ɗaure wayoyinsa da baƙar leda. Duk nauyin da ya danna kujera sai ya ture shi, famfo ya rasa wuta, inji ya rasa mai. Baba ya sa sabon soket da murfi, ya karɓi abin da bai kai kuɗin filogi ba, ya ce in saya wa yara lemo don sun wakilci babbar mace.

Saura bayani a gida. Wane suruki ne zai dubi uwar matarsa ya ce nauyinta ke kashe mota? Na durƙusa na ce, "Hajiya, an gano waya ce."

Ta ce, "Waya ko? To, ku dai ku yi ta faɗa. Na ƙaro turaren, kuɗinsa na wajenka."