An sayo wa yaro mota, Baba ke tuƙi

A ƙasar Adar ba a dawowa daga biɗa hannu rabbana. Mutumin Tamaske ko Tabotaki zai share shekara biyu a Abijan yana tura baro, ko a Libiya yana ɗaukar bulo, amma ranar da ya sauka tasha dole a ga kwali a kansa. Da can rediyo mai kaset ne, aka koma agogo da shadda, aka zo wayar shafa. Yanzu kuma wani sa'in in an buɗe kwalin sai a ga 'yar mota mai ƙatta-ƙattan tayoyi, wadda ake tuƙawa daga nesa da rimot. Ana cewa ta yaro ce. Haka dai ake faɗa wa uwargida idan ta tambayi nawa aka saye ta.

Iri biyu ne. Akwai ta kasuwa, mai fitila ja da kiɗa, wadda ake saya da jajibirin Salla ta rasu kafin a sauko daga Idi. Ba ita nake nufi ba, Allah Ya jiƙanta. Ina maganar ta gaske, irin wadda kamfanin Tamiya na Japan ya yi suna a kanta tun da ya fitar da motarsa ta rimot ta farko a 1976. Wannan ba a haɗe take zuwa ba. Girmanta kashi ɗaya cikin goma na babbar mota, kuma komai nata a warwatse: giya, shokazoba, ɗan injin lantarki, na'urar juya sitiyari, da ƙananan kusoshi a leda-leda, kowace leda da harafinta. Akwai littafi a ciki, da zane-zane, an rubuta shi da Japananci da Ingilishi da Jamusanci da Faransanci. Littafin ya ce a riƙa buɗe leda ɗaya bayan ɗaya, a bi lamba.

To, bari in ba ku labarin wani Alhaji a wani gari tsakanin Buza da Kaita, wanda ƙaninsa ya aiko wa ɗansa irin wannan kwali. Abin da Alhaji ya fara yi shi ne ya shimfiɗa tabarmarsa 'yar Madawa a ƙofar gida, ya yage ledojin gaba ɗaya, ya juye a faranti guda ya gauraya, don ya ga yawan dukiyar. Littafin kuwa ya jujjuya shi, ya ce wa ya taɓa ganin makanike da takarda, ya ajiye gefe. Kafin la'asar shafi na bakwai ya tafi gidan wani da ƙosai a ciki. Mushen lakwal yana zaune a wurin, Faransanci a bakinsa tun yana ƙarami, ba wanda ya ce masa uffan, shi ma bai ce ba, don ana zuba shayi na biyu.

Mu Hausawa Allah Ya hore mana wata baiwa: ba a taɓa buɗe inji a gabanmu a rasa gwani. Fada ta tashi kacokan ta dawo kan tabarmar Alhaji. Ga ɗan kabu-kabu, ga mai gyaran rediyo wanda rabon da a karɓi rediyo mai magana daga hannunsa an manta, ga mai injin ban-ruwa na lambun albasa, ga kuma wani dattijo da ya taɓa yin yaron mota a hanyar Agadas, wanda tun daga ranar ba a gama zancen ƙarfe sai ya sa baki. Kowa ya ɗauki kusa ɗaya ya ɗaga ta sama, ya kanne ido, ya ce ya san irinta. Da aka gama haɗawa kusoshi masu yawa suka yi saura a faranti. Dattijo ya ce kada a damu, safaya ce, haka masu jajayen kunne ke yi don sun san hanyoyinmu.

Yaron da aka aiko wa motar yana tsaye a baya, yana leƙe ta tsakanin hammatar manya. Duk sa'in da ya matso sai a ce, "Kai, kauce nan! Wanga abu ba na yara ba na." Ku lura da yaron nan da kyau. Shi ne wanda a makon jiya ya sha bulala saboda ya yanke silifar uwarsa ya fitar da tayoyi huɗu. Motarsa ta waya tana jingine a zaure: ya lanƙwasa wayar da hannu da haƙori, ya yi bodi da gwangwanin tumatir, ya ɗaure gatari da robar tsohon tub yadda in ta hau dutse sai ta lotsa ta dawo, ya kuma sa dogon sitiyari da ke juya tayoyin gaba da gaske. Kafin waya ya yi ta karan dawa, da ƙaya a madadin kusa. A duk taron nan shi kaɗai ne ya taɓa ƙera mota tun daga tushe, kuma shi kaɗai aka hana taɓawa.

Aka sa batir, aka yi bisimilla, Alhaji ya danna gaba. Mota ta zabura da baya, ta shige buta. Ya sake dannawa, ta sake komawa. Nan fa ilimi ya ɓarke. Ɗan kabu-kabu ya ce fulogi ne. Dattijo ya girgiza kai ya ce, "A'a, kafireta ta toshe, na san wagga cuta." Motar da ba ta shan mai, ba ta da tanki, ba ta da salansa, aka yi rabin sa'a ana gardamar kafiretarta. Wani can gefe ya yi ƙasa da murya ya ce shi dai yana ganin baki ne, mutane sun cika kallo, gara a nemi malam. Ana cikin haka aka kira salla. Da aka dawo daga masallaci mota tana tafiya gaba lafiya lau. Yaron ya sauya wayoyi biyu na injin, ya mayar da kowace gurbinta. Dattijo ya shafa gemu ya ce dama ya faɗa, in aka bar kafireta ta huce takan buɗe.

Sai aka shiga ƙarin ƙarfi, wanda shi ne ainihin ciwon. Masu wannan wasa a waje suna da lissafinsu. In ka sa ƙaramar giyar bakin inji mai haƙora da yawa, gudu zai ƙaru amma inji zai yi zafi. In ka rage haƙora, za ta ja da ƙarfi a hawa amma ba sauri. Man shokazoba na musamman ne, mai kauri yana hana tsalle-tsalle, mai ruwa-ruwa yana sa laushi. Kuma ba a lafta giris a inda yashi zai samu, domin giris da yashi in sun haɗu haƙoran roba suke ci. Mu kuwa ƙa'idarmu ɗaya ce: abin da ya yi ƙara a zuba masa baƙin mai. Aka zuba. Aka rubuta "Hassada ga mai rabo taki" a bayanta da fenti, aka rataya 'yar laya a gaba, mai gyaran rediyo ya nemi a ba shi jaka biyu ya sa mata oda.

Batir kuma labari ne mai zaman kansa. Tsohon yayi ƙwaya shida ne a jere, bolt 7.2, na zamani, wanda ake kira LiPo, mai ƙwaya biyu bolt 7.4 ne, ya fi ƙarfi, amma ba ya shiri da zafi, yakan kumbura, har ya kama da wuta in an yi masa cajin ganganci. Ku kawo wannan ku ajiye a rana cikin watan Afrilu a Madawa. Sannan a yi caji mai tsawo, a yi wasan minti goma sha, shi ke nan. Tun watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, kowa ya san darajar mai cajin waya da fanon sola. Sai ga Alhaji da kansa a layi, a gaban matan da suka kawo wayoyinsu, yana cewa a cire ta wani a sa nasa, gaggawa ce.

Mota ba ta cika mota ba sai an yi tsere, kuma ba a jima ba aka ji wani ɗan kasuwa a garin gaba shi ma ya samu tasa. A ƙasashen waje ana kashe kuɗi a gina fili, a tara ƙasa a yi tudu da kwari da gangan. Tun 1985 ake gasar duniya ta irin waɗannan motoci, an fara ta a Kalifoniya ta Amurka. Mu nan fili Allah Ya ba mu shi kyauta, abin da ya rage kuma damina ta ƙarasa. Mutumin Madawa ya ce a zo yashin kwarin Tarka. Na Buza ya ce a bi tsakanin layukan bedi na kwarin Majiya, waɗanda aka fara dasawa a 1975 don tare iska. Na Kaita ya yi dariya ya ce duk wasa ne, a zo kan dutse, inda tun 1984, zamanin Froje Kaita na Italiya da FAO, iyayenmu mata suka yi ta dakon duwatsu a ka suna jera gandari don tsayar da ruwa. Dattijo kuwa ya tuna shekarun da tseren Paris-Dakar ke ratsa Nijar ta Agadas da Tawa, ya ce ya gani da idonsa, har wani Bature ya ɗaga masa hannu. Wannan ya ishe shi zama alƙalin gasa. An yarda ba caca, haramun ce; goro kawai aka aza, na jaka biyar.

Abin da ba wanda ya gaya wa Alhaji shi ne, idan motar ta juyo tana fuskantarka, damanka ya zama hagunta. Tana tafiya can, komai daidai. Tana kwana ta nufo shi, lissafi ya rikice. Ya karkata rimot, ya karkata kafaɗa, ya karkata duk jikinsa har hula ta faɗi, yana ihu, "Dama! Na ce dama!" Mota ta yi hagu, ta ratsa garken awaki, ta bi ƙarƙashin amalanke, jaki ya yi harbi, ta faɗa fangalin irin albasa na wani bawan Allah. Mutumin da ko gobara ake yi ba ya sauri don kada girma ya zube, sai ga shi ya tattare babbar riga yana gudu cikin ƙura kamar an saki ɗan maraƙi. Ta abokin karawarsa batir ya ƙare a tsakiyar fili, ta tsaya tana ƙifta fitila. Yaran gari da suka biyo gefe da motocinsu na waya, ba wanda ya gayyace su, su ne suka kai bakin bishiyar da aka sa iyaka, suka zagayo, suka sake zuwa.

Alƙali ya yi shawara da maroƙi, maroƙi ya duba aljihun da ya fi nauyi, aka sanar Alhaji ya ci, domin motarsa ta fi yin nisa, ko da yake ba ta inda aka nufa ba. Mai albasa ya kai ƙara gun maigari, aka yi sulhu, goron ya tafi a diyya har da ciko.

Da aka buɗe motar a gida, babbar giyar roba ba haƙori ko ɗaya, baƙin mai da yashi sun gama da ita. Ba a sayar da irinta a Madawa, ba a Tawa, sai an jira mai zuwa daga Abijan. Hajiya ta wanke bodin da omo ta jera shi a kabat tsakanin kwanukan samira, baƙi na zuwa ana nuna musu. Tayoyin kuwa da shokazoba huɗu an neme su an rasa, sai da aka ga motar waya tana hawa gandari tana lotsawa, yara sun yi layi, kowa na biyan dala biyar ya kai ta bakin rijiya ya dawo. Labari ya kai fada. Alhaji ya kurɓi shayi, ya gyara zama, ya ce, "Ai ba mamaki. Kan nan nawa ya ɗauko." Sannan ya aika a gaya wa yaron cewa tayoyin na gida ne, don haka rabin cinikin kullum a riƙa kawowa.