Bakatsine, Ka Tuna 27 ga Agusta?

Bakatsine bawana, a gaishe ka gaisuwar ubangida ga baransa. Saƙonka ya iso Argungu. Wai mu Kabawa ba a ganinmu a talabijin sai ranar da muka tuɓe riguna muka auka Matan Fada da homa da gora. To, tunda kai ka tono, ba zan kai ka nesa ba. Rana ɗaya tak zan ciro maka daga kalanda, mu ga wanda akwatin nan ya sa zugum da wanda ya sa guɗa. Ranar ita ce 27 ga Agusta.

Turawa ma suna ji da ita. A ranar ce, cikin 1950, BBC ta fara tsallako da hoto kai tsaye daga garin Kale na Faransa zuwa Ingila, ta kan teku. Lokacin duk faɗin Nijeriya babu tashar talabijin ko ɗaya. Sai 1959 aka buɗe ta Ibadan, ta Kaduna kuma 1962. Na kawo wannan ne kawai don kada ka ce ubangidanka bai shiga aji ba. Ba shi ya tara mu ba.

Abin da ya tara mu shi ne 1985. Ana cikin hutun Babbar Sallah, suyar naman layya ba ta ƙare ba, kana nan ka naɗe hannun riga kana lasar yatsa, sai rediyo ya ɓarke da kiɗan soja tun da sanyin safiya. Muryar Birgediya Joshua Dogonyaro ce ta fito, ta ce an kifar da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari. Mataimakinsa Tunde Idiagbon yana can Saudiyya wajen aikin Hajji. Daga baya aka kunna talabijin, sai ga Janar Ibrahim Babangida da wushiryarsa yana yi wa 'yan ƙasa jawabi, har ya ɗauki sunan Shugaban Ƙasa, abin da sojan da suka gabace shi ba su yi ba. Wata ashirin kacal mutuminku ya yi a kan kujera, Allah ya jiƙansa da rahama. Mai gaskiya ne, ba na ja. Shi ya koya muku bin layi a tashar mota, ku da a da ta taga kuke shiga. Amma ranar nan an ce tsokar rago ta maƙale wa Katsinawa da yawa a wuya.

Na san abin da za ka ce: Buhari ɗan Daura ne, Daura daban, Katsina daban. Haba malam! A 2015 da aka bayyana sakamakon zaɓe ban ji ka yi wannan rabon gadon ba. Har wayata ka kira tsakar dare kana ihun ɗanmu, ɗanmu. In daɗi ne naku ne, in ɗaci ne na Daurawa?

Yanzu ƙara shekara shida daidai, kada ka ƙara ko kwana ɗaya. 27 ga Agusta 1991. Mutum ɗaya, akwati ɗaya. An yi ta raɗe-raɗin za a ƙirƙiro sababbin jihohi, saboda haka da aka ce Babangida zai yi jawabin cika shekara shida, kowa ya nemi gidan mai talabijin. A unguwarmu ba su da yawa. Wadda muka kalla irin mai ƙafa huɗu ce da murfin katako da ake zugewa, hoto baƙi da fari. Eriyarta na can bisa dogon gora a tsakar gida, an sa wani yaro yana murɗa ta ta fuskanci Sakkwato, ana yi masa ihu daga ɗaki: ya yi, a'a koma baya, tsaya nan! An ajiye batirin mota a gefe ko da wuta za ta ɗauke. Dattawa a kan tabarma, mu samari a bakin ƙofa, yara sun maƙale a taga. Da muka saba haɗuwa don Samanja ko Idon Matambayi, ana dariya ana shewa. Ranar kuwa ko tari ba mai yi. Jihohi tara aka zayyano, daga 21 suka koma 30. Akwai Jigawa, akwai Yobe, da Taraba, da Kogi. Da aka ambaci Kebbi, ban ji sauran jawabin ba, kuma ba na jin akwai wanda ya ji. Yaron eriya ya saki gora ya ruga titi, hoto ya koma yayyafi, ba wanda ya tsawata masa.

Ka ga lissafin ke nan. Ranar da akwatin ya karɓe muku mulki, ranar ya miƙa mana jiha.

Za ka yi tunƙaho da cewa ku tun 23 ga Satumba 1987 aka yanke ku daga Kaduna, kun girme mu da shekara huɗu. Na ji. Amma wa ya ba ku? Shi dai wannan da ya tuɓe ɗanku ya tsare shi a Benin. Kuka karɓa hannu bibbiyu kuna godiya. Mu namu kyauta ce tsakani da Allah, ku naku kuɗin lallashi ne, irin alewar da ake ba yaro bayan an zane shi.

Akwai kibiya ɗaya da ta rage maka, kuma gara in zare ta da kaina, tunda ku da kibiya ba a shaidarku. Masu tarihi sun ce a ƙasarku aka harbi sarkinmu Kanta yana dawowa daga yaƙin Borno, bai iso birninsa Surame da rai ba. Za ka ce jiha ta ci sunan Kabi amma hedikwata tana Birnin Kebbi, inda fadar Sarkin Gwandu take, mu kuma an bar mu a Argungu da kifi. Gaskiya ne birnin ya fita hannun kakanninmu tun 1805, lokacin jihadi, suka dawo nan suka kafa sabon zama. To amma duba takardar gwamnati, duba allon gidan talabijin na jiha: sunan wa ke jiki? Gwandu da Yawuri da Zuru duk ƙarƙashin sunan nan suke kwana. Tsakaninmu da hedikwatar kuwa kusan kilomita 50 ne, kafin shayinka ya huce mun isa.

Shi kansa Babangida ranar ba ta yi masa kara ba a ƙarshe. Bayan rikicin soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, a ranar 26 ga Agusta ya koma gefe ya bar wa Cif Ernest Shonekan kujera. Saura kwana ɗaya ya cika shekara takwas cif.

Batun gorinka na kamun kifi kuwa, ban ji haushi ba. Bikin nan tun 1934 ake yinsa, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar sulhu Argungu, kuma a 2016 UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake tattali. Da aka dawo da shi a Maris 2020 bayan shekara goma ba a yi ba, wa ka gani a talabijin ya zo buɗe taro? Buhari ne da kansa. Ɗanku ya tako har garin iyayen gidansa, ku kuna can kuna leƙe ta allo, yawu na zuba, ana ɗora kifi mai kilo 78 a sikeli. A ina za ka samo irinsa a Katsina? A rijiya?

Don haka duk 27 ga Agusta, ka kunna talabijin ka nemo tashar Kebbi, ka miƙe tsaye har a gama labarai. Kuɗin shara kuma na bara ba ka biya ba, ga na bana yana tafe a watan cika-ciki. Ka haɗa su duka ka aiko ta motar Sakkwato, ni kuma in sa a ƙulla maka kan bushasshen kifi guda biyu.