Masu Dubiya da Makaɗansu

Zazzaɓin taifot ne ya kayar da ni a daminar bara. Kwana goma sha biyu na yi a kwance, shida a asibiti, shida a gida. Likita ya ce a bar ni in huta, kada a dame ni da hayaniya. Da ya san irin mutanen da nake hulɗa da su, da ya ƙara da cewa a riƙa karɓe wayoyinsu tun daga bakin ƙofa. Ni mai son waƙa ne, dangina da abokaina ma haka. Kowa ya zo dubiya da ledar lemo ko ayaba a hannu, amma ainihin maganin da ya yarda da shi yana cikin aljihu, jira kawai yake a gama "ya jiki?" ya fito da shi.

Kawuna ne ya fara zuwa. Tsohon direban babbar mota ne, ya shekara talatin tsakanin Kano da Legas, kuma ɗan Shata ne na sahun gaba. Idan kana neman ɗan Shata a cikin taro, saurari yadda yake kiran sunan. Ba zai ce Mamman Shata ba, sai dai "Alhaji" ko "Dokta", kamar wani maƙwabcinsa da suka rabu jiya a masallaci. Digirin girmamawar da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata a 1988 ya fi yi wa Kawu daɗi a kan takardar kammala karatun 'ya'yansa duka. Lissafin shekarunsa ma kashi biyu ne, kafin watan Yunin 1999 da bayansa. In ka tambaye shi yaushe ya aurar da 'yarsa ta fari, sai ya ce shekara biyu bayan rasuwar Alhaji, kai ka je ka yi lissafi.

Ya ja kujera, ya dube ni, ya girgiza kai.

"Ɗan nan, ka rame. Me suke ba ka?"

Na ce allura ce da ƙarin ruwa, Kawu.

"To, ba laifi. Amma bari ka ji wannan."

Matsalar ɗan Shata ita ce ba ya barin Shata ya yi waƙa. Kalangu ya ɗauka, 'yan amshi sun shigo, Shata ya buɗe baki ya ambaci sunan wani, sai Kawu ya danne wayar. "Ka san ko waye wannan?" Ban sani ba. To sai na ji garinsu, da sana'arsa, da irin motar da ya ba Shata, da launinta, da yadda ya talauce daga baya, da wanda ya auri matarsa bayan ya rasu. Sannan a sake kunnawa, a yi baiti biyu, a sake dannewa. Waƙar minti goma sha biyar sai da ta kai mu la'asar. Kuma ban taɓa haɗuwa da ɗan Shatan da bai ga Shata ido da ido ba. Wannan ya gan shi a Funtua, wancan sun gaisa a Daura, wani ya taɓa tura masa mota a hanyar Zariya. Da za a haɗa labaransu wuri ɗaya, sai a tarar marigayin bai taɓa samun daren da ya yi barci ba, kuma motarsa ba ta taɓa tashi da kanta ba.

Kawu bai tafi ba sai ga tsohon malaminmu na Hausa, wanda ya yi ritaya tun ina saurayi. Shi na fada ne. A wurinsa waƙa ta tsaya kan Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da Musa Ɗanƙwairo Maradun, in an matsa a ƙara Sa'idu Faru da Salisu Jankiɗi. Duk abin da ba a kaɗa da kotso ko taushi ba, Malam yana ɗaukarsa a matsayin hayaniyar tasha. Ayabarsa ƙanana ce, amma ya haɗo mini da littafin Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kan makaɗa da mawaƙan Hausa, ya ce in karanta kafin in warke, kamar dai akwai jarrabawa ranar sallama. Ashe kuwa akwai. Yakan saka Narambaɗa, ya tsaya a kan wata tsohuwar kalmar Gobirci da ko a Isa sai an tambayi tsofaffi, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Mece ce ma'anarta?" Ina kwance da robar ƙarin ruwa a hannu, shekarata arba'in da bakwai, amma gabana ya faɗi kamar yadda yake faɗuwa a aji uku.

Haɗuwar mutanen nan biyu a gefen gado ɗaya ita ce babbar jarrabawar. Shata yana da Bakandamiya, Narambaɗa ma yana da tasa. Malam ya ce ai ta Narambaɗa ce uwa, sauran duk 'yan riƙo ne. Kawu ya ajiye hularsa a kan cinya, alamar magana ta yi nisa, ya ce shi Alhaji bai taɓa zama ya tsara waƙa a ɗaki ana bita ba, nan take take zuwa masa kamar ruwan sama. Malam ya ce shi ya sa wani lokacin take zuwa da ƙanƙara. Aka yi shiru. Nas ta leƙo ta ce lokacin dubiya ya wuce, na kuwa sa mata albarka a zuciyata. A bakin ƙofa na jiyo su sun shirya, domin sun sami abokin gaba ɗaya, wato waƙoƙin fiyano na yaran yanzu.

Gwaggo ta zo washegari da kunun tsamiya a fulas. Ita ta daina jin waƙa, haka take faɗa wa kowa. Tun da ta sauke farali ta shiga Islamiyyar matan aure ta ce ita da kiɗa sai a lahira, in ma ana yi. Na yarda da ita har zuwa lokacin da wayar wata mai jinya a gado na gaba ta yi ƙara, kiɗan ƙwarya ya tashi, muryar Barmani Choge ta cika ɗakin. Fuskar Gwaggo ba ta motsa ba, carbinta ma bai tsaya ba. Kafaɗarta ta hagu ce ta ci amanarta. Sau uku ta ɗaga a ƙarƙashin mayafi, daidai inda ƙwarya take faɗuwa. Da ta ga ina kallo sai ta ce, "A'uzubillahi, wannan sanyin ƙashi ya dame ni." Can kuma, ba wanda ya tambaye ta, ta ce ai wannan ba ita ce ta asali ba, ta asalin da aka yi a bikin wance ta fi tsawo, kuma matar nan Allah Ya jiƙanta tun 2013. Masu tuba irin Gwaggo suna da yawa, maza da mata, kuma na lura babu wanda ya kai su riƙe baiti.

Ɗan Indiya kuwa abokina ne tun firamare. Bai san kalma goma ta harshen Hindi ba, amma yana rera waƙar Muhammad Rafi daga farko har ƙarshe, da shessheƙar da komai. Shi ne irin yaran da suka ƙare kuɗin tara a silimar Plaza da Marhaba da El Dorado, suka sha bulala a gida, suka koma washegari. Yana da fassararsa ta kansa, kuma duk waƙoƙin ma'anarsu ɗaya: yaron talaka ne, uban yarinyar ya ƙi. Ranar da Lata Mangeshkar ta rasu, a watan Fabrairun 2022, bai buɗe shago ba. Mutane suka riƙa kiransa suna yi masa gaisuwa, wasu da tsokana, shi kuwa yana amsawa da gaske, "Sai haƙuri, sai haƙuri." A gefen gadona ya ɗan rera mini wata ta Kishore Kumar a hankali, hannunsa ɗaya a ƙirji, ɗayan yana nuna fankar silin. Tsohon da ke gado na kusa ya ɗauka addu'a ce da wani yare, ya shafa ya ce amin.

Ɗan yayata bai ce komai ba. Ya shigo, ya durƙusa, ya ce "Sannu Kawu" da ƙarfin da ya razana ɗaki, saboda abin da ke toshe a kunnuwansa ya hana shi jin muryarsa. Tun lokacin kullen korona a 2020, da Hamisu Breaker ya saki Jarumar Mata matan aure suka yi ta rawa a waya, yaron nan bai ƙara sauraren waƙa har ƙarshenta ba. Daƙiƙa talatin, ya shafa, wata ta shigo. Katin wayarsa yana ɗauke da waƙa fiye da dubu da aka tura masa a Farm Centre, na kuma tabbata bai san ƙarshen ko guda ba. Da na ce masa a zamaninmu sai mun zura biro a cikin kaset mun juya da hannu don kada batir ya ƙare, ya dube ni da tausayi irin wanda bai nuna wa ciwona ba.

Akwai mai waƙar siyasa, amma shi ba sai an daɗe a kansa ba. Ya zo sau biyu, tsakaninsu kwana biyar, kuma waƙar kiran wayarsa ta canza jam'iyya a tsakani.

Wanda ya fi tsaya mini a rai bai zo dubiya ba, shi ma majinyaci ne, tsohon nan da ya ce amin. Yana da 'yar rediyo da aka ɗaure murfin batirinta da kyauron roba, da ƙaramar waya mai madannai. Da dare, in an kashe fitila masu jinya sun shimfiɗa tabarmi a ƙasa, sai ya kara wayar a kunne, ƙasa ƙasa, don kada ya tashi kowa. Waƙoƙin Sudan yake ji. A dare na huɗu na tambaye shi. Ya ce iyayensa sun tafi Hajji ta ƙasa yana goye, guzuri ya ƙare, suka zauna a Sudan suna noman auduga, can ya yi wayo, sai da ya yi aure ya dawo. Ya ambaci Muhammad Wardi, ya ambaci A'isha Fallatiya, wadda ya ce iyayenta ma mahajjata ne daga ƙasar Sakkwato, kuma tana cikin matan farko da aka ji muryarsu a rediyon Omdurman. Bai ce in saurara ba, bai ce tasa ta fi ta kowa ba. Ni ne na roƙa, ya miƙo wayar ta tsakanin gadajen, tana da ɗumin kunnensa. Ban fahimci ko kalma ɗaya ba, na kuma ji ta har ƙarshe.

Da aka sallame ni likita ya ce in riƙa taka ƙasa da safe. Nakan bi gefen badala daga Ƙofar Na'isa zuwa Gadon Ƙaya in dawo. Nan ma ba a tsira ba. Ɗan adaidaita sahu ya saka lasifikar da ta fi injinsa tsada, fasinja suna ihun "akwai!" yana wuce su da layi biyu. Mai shayi yana fasa ƙwai daidai da bugun kalangu. Wani mai ɗinki ya daidaita takun kekensa da Nura M. Inuwa, in waƙar ta yi sanyi ɗinkin ma ya yi, mai riga kuwa yana tsaye yana duba agogo.

To, laifi tudu ne. Matata ce ta nuna mini nawa. Ta ce duk mutanen nan da nake yi wa dariya kowannensu yana da mawaƙi, ni kuwa waƙa ɗaya gare ni tak. Gaskiya ta faɗa. Waƙar Karen Mota ce ta Ɗan Maraya Jos, mutumin da ba ya bukatar 'yan amshi, daga shi sai kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya. Na fara jin ta a bayan motar Kawu ina ɗan shekara tara, a wani dare da yaron motarsa ya ari rediyon bayan maigida ya yi barci. Ina da ita a kaset ɗin TDK da rubutunsa ya goge, ina da ita a waya, ina da ita a kwamfutar ofis. A kwana shidan da na yi a gida na ɗauko littafin Magana Jari Ce da niyyar in sake karance shi, na saka waƙar don ta taya ni. Ranar da na warke aku bai gama labarinsa na biyu ba, waƙar kuwa, in ji ƙaramar 'yata da ta ƙirga, ta zagayo sau sittin da ɗaya. Yanzu yarinyar tana rera ta in tana wanke-wanke, uwarta tana hararata.

Watan jiya hawan jini ya kwantar da Kawu. Na sayi ayaba mai kyau, na yi wa wayata caji har ta cika, na tafi. Muka gaisa, na tambayi jiki, ya ce da sauƙi. Ya ga hannuna ya nufi aljihu.

"Ɗan nan," ya ce, yana juya fuska wajen bango, "likita ya hana hayaniya."